Sirdin Shekara Uku

A cikin azumin shekarar 1994, kusan wata biyu bayan an karya darajar kuɗin sefa, Allah ya yi wa Sarkin Telolin unguwar Briqueterie ta Yaoundé rasuwa. Ƙungiyar teloli, mai mutum arba'in da ɗaya, ta tsayar da ranar Lahadi, 24 ga Afrilu, bayan la'asar, domin zaɓen magajinsa. Sarautar ba ta da albashi. Amma a hannun mai ita ake ajiye babban almakashin ƙungiya, shi ke raba gardama tsakanin tela da mai kaya, kuma idan aka kawo aikin anko ko na kayan 'yan lekol, wato 'yan makaranta, shi ke cewa wane zai ɗinka. A shekarun kiriz, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zabge albashin ma'aikata sau biyu cikin shekara guda, ɗinki ya yi wuya, wannan ba ƙaramar kujera ba ce.

Mutum biyu suka neme ta. Na farko Malam Rashidu, mai ƙarancin magana, wanda yakan auna mutum sau biyu, ya kuma tambaye shi ko ya ci abinci kafin ya zo. Na biyu Malam Nata'ala, gajere, kakkaura, wanda ya sha faɗa a bainar jama'a cewa tun da ya kama almakashi bai taɓa auna abu sau biyu ba.

Kiriz ce ta yi wa Nata'ala suna. Da iyaye suka kasa ɗinka wa 'ya'yansu kayan salla duk shekara, sai ya fito da abin da ya kira ɗinkin shekara uku: ya auna yaro, ya ƙara sulusi a kan kowane awo, ya naɗe rarar cikin kalmasa, duk shekara a warware ninki ɗaya. Saboda haka duk yaron da aka gani a kartiye, wato cikin unguwa, yana tafe kamar an jefa shi cikin buhu, ba a tambayar wanda ya yi ɗinkin.

Ranar Litinin, 4 ga Afrilu, da hantsi, aka ga doki a ƙofar shagonsa. Wani falken shanu na unguwar Etoudi ne ya ba shi, a madadin ɗinkin iyalinsa na babbar salla. Wanda ya jawo dokin shi ne Baffa Njidda, tsohon makiyayi da ke rako shanu a kamiyo, babbar motar kaya, daga arewa. Dokin kuru ne, irin gajerun dawakin nan na bakin kogin Logone, ja, ɗan shekara uku da rabi, mai faɗin ciki. Tsayinsa daga ƙasa zuwa doron kafaɗa santimita ɗari da goma sha huɗu.

Telolin layin suka tsayar da kekunansu suka fito.

"Ranar zaɓe," in ji Nata'ala, yana shafa wuyan dokin, "Rashidu zai zo a ƙasa, ko kuwa su matsu mutum biyu a kujerar gaban tasi. Ni a kan doki zan zo, yadda kakana ya shigo garin nan da fatake. Da zarar jama'a sun ɗaga kai sun dube ni, zaɓe ya ƙare."

Malam Rashidu ya dubi dokin daga tsallaken titi, ya ce, "Malam, wannan ai ba sai an ɗaga kai ba."

"Yaro ne tukuna. Ka bari ya girma, sai ka nemi tsani kafin ka gaishe ni."

Baffa Njidda ya ce, "Malam tela, wannan kuru ne. Ƙaramin sirdi za ka nemar masa. Girman da ya rage masa bai wuce yatsa biyu ba."

"Baffa, kowane uba haka yake gaya mini, wai yaron nan ya gama tsawo. Bayan wata shida sai a dawo mini da wando ya tsaya a gwiwa."

"Na san uwarsa, na san ubansa. Duk haka suke."

"Ba su sami abincin Yaoundé ba ne."

Ya zare igiyar awo daga wuyansa ya shiga aiki. Ya auna wuya, ya auna ƙirji, ya auna ƙugu. Ƙafafun gaba ya rubuta su a matsayin tsawon hannu, na baya kuma tsawon wando. Sau biyu yana umartar dokin da ya miƙe sosai ya daina motsi. Kafin ya gama, dokin ya tauna santimita bakwai daga bakin igiyar ya haɗiye. Nata'ala ya ce wannan alama ce ta dabba mai cin abinci, ya ƙara sulusi a kan kowane awo, ya ninke takarda.

Ranar Laraba ya tafi wurin Maliki baduku, wanda ke da sirdi uku rataye a ƙuryar shago tun zamanin mahaifinsa, domin a Yaoundé ba kullum ake neman sirdi ba. Akwai ƙarami, akwai matsakaici, akwai wani ƙato mai doguwar kwacciya.

Maliki ya dubi takardar, ya juya ta, ya mayar masa. "Malam Nata'ala, ba a takarda ake zaɓen sirdi ba. Kawo dokin. A ɗora masa ba shimfiɗa, a zura hannu a ƙarƙashi, a ji inda ya taɓa da inda ya bar iska. In ya danne ƙashin baya, ba nasa ba ne. In yana lilo, ba nasa ba ne."

"Maliki, kai fatar matattu kake ɗinkawa, ni masu rai nake yi wa sutura. Har sufurefe, mai mulkin gundumar nan, na ɗinka wa kwat. Ka taɓa jin an zura wa sufurefe hannu a ƙarƙashin riga?"

"Sufurefe yana da baki. In ta matse shi zai faɗa."

"Sauko mini da babban."

"Wannan na ingarma ne. Dokinka zai iya kwana a cikinsa ya bar wa baƙo wuri."

"Zai girma ya cika shi. In na ɗauki ƙarami, baɗi war haka ina nan wurinka ina neman wani. Na san dabarar 'yan kasuwa, a kiriz ɗin nan ba za ka sayar mini da sirdi sau biyu ba."

Maliki ya leƙa waje ya kira mutum uku, ya ce su shaida cewa ya faɗa, kuma abin da ya fita shagon ba ya dawowa. Ni mai ba ku labarin nan ina cikin waɗanda suka shaida.

Gwajin farko ranar Juma'a aka yi shi, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da layin ya fi cika. Da aka ɗora sirdin, sai ya rufe dokin tun daga gindin wuya har kusa da wutsiya, kai da ƙafafu kawai ake gani. Majayi, wato ɗaurin da ke bi ta ƙarƙashin ciki, ya yi tsawon da ko an kai ramin ƙarshe, mutum zai iya zura kansa. Nata'ala ya ɗauko basilla ya huda sababbin ramuka shida, kusa da kusa. Ya ɗaure, ya gyara hula, ya sa ƙafar hagu a likkafa, ya yi bisimilla, ya yunƙura. Sirdin ya juyo ya tarye shi. Dokin bai motsa ba. Nata'ala ya zauna daɓas cikin kwatar da ke gangarowa daga rumfar mahauta.

"Ba faɗuwa na yi ba," in ji shi daga inda yake. "Ƙarfin likkafa nake gwadawa."

Matarsa Saliha tana tsaye a bakin zaure. Ta ce, "Baban Jiddah, in ka gama gwada zurfin kwatar ma, ruwan wanka yana nan."

Bai karaya ba. Ya bayyana wa jama'a cewa wannan ƙaramar matsala ce wadda kowane tela ya san maganinta: idan kwat ta yi wa mutum yawa a kafaɗa, ciko ake yi. Ya kwaso ƙyallayen da ya tara a bayan shago, buhu ɗaya da rabi, ya haɗa da matasan kai biyu na ɗakin Saliha, ya cusa su a ƙarƙashin sirdin. Sirdin ya tashi sama kamar lodin kamiyon da ya fito daga Ngaoundéré. Sai da aka kifa masa turmi ya taka kafin ya hau. Ranar Asabar ya yi taku goma sha ɗaya. Ranar Lahadi ya yi talatin, ya kuma gaishe da Rashidu daga sama da ɗaga yatsa biyu. Ranar Talata dokin ya ƙi yarda a matso da sirdin kusa da shi. Da aka duba, sai ga miki a bayansa, faɗin tafin hannu, inda ƙullin ƙyallaye ya yi ta gurzarsa.

Aka aika Etoudi aka kira Baffa Njidda. Ya wanke mikin da ruwan gishiri, ya shafa man kaɗanya.

"Ƙudan garin nan ne," in ji Nata'ala. "Ba su da imani."

"Malam tela, yaro in riga ta yi masa yawa, kunya kawai yake ji. Wannan fatarsa ce take fita. Kwana takwas, kada ko tsumma ya hau bayansa. Bayan haka ka je ka ɗauko ƙaramin sirdin."

"In ɗauko ƙaramin, duk Briqueterie ta ce na sake awo? Saura kwana goma sha biyu zaɓe, Baffa."

Kwana takwas ɗin bai bar su sun tafi a banza ba. Ya ce tunda sirdi ya ƙi raguwa, doki ne zai ƙaru. Ya shiga ɗura masa dusa da wake da ɓawon ayaba, ya haɗa da masarar tuwon gida. Kowace safiya yakan tsayar da shi jikin bango ya ja layi da alli daidai kafaɗarsa, kowace safiya kuma sabon layin a kan na jiya yake sauka.

Saliha ta ce, "Malam, mu a gidan nan sau biyu muke ci tun bara. Shi sau huɗu. Ban ga abin da ke canzawa ba sai allin da ke ƙarewa."

"Daga ciki girma yake farawa. Ke ba ki san dabba ba."

"Na san ɗaya. Shekara goma sha tara ina ciyar da shi, shi ma ta ciki kawai ya ƙaru."

A rana ta takwas tsayin dokin yana nan ɗari da goma sha huɗu. Ƙugu kuwa ya ƙaru da santimita tara, ya koma mulmulalle kamar gangar mai, wadda ko tabarma aka ɗora mata sai ta zame.

Ranar Alhamis, 21 ga wata, Nata'ala ya rufe shago ya sanar cewa ya gano inda dukan mahaya suka yi kuskure tun farkon duniya, wato ɗora sirdi a kan doki tsirara. Kwana biyu ana jin ƙarar kekensa. Masu kawo ɗinki suka yi ta ƙwanƙwasawa, da suka gaji suka tsallaka wurin Rashidu. Ranar Asabar da yamma ya fito da falmaran ta kaki, ɗinkin doki: kafaɗa cike da soso, aljihu biyu manya a baya inda aka dunƙule ƙyallayen nan, aninai goma sha huɗu a ƙarƙashin ciki, sirdin kuma an ɗinke shi a jikinta da zaren buhu. Gaskiya ita ce ɗinkin ya yi kyau. Ko Rashidu sai da ya duba kalmasar ya jinjina kai.

Ranar zaɓe aka yi ruwa da azahar, ya ɗauke kafin la'asar. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan marigayi Sarki, a ƙasan gangara, taku ɗari biyu da 'yan kai daga shagon Nata'ala. Alhaji Babba, wanda ya fi kowa tsufa a sana'ar, shi ke shugabantar taro, almakashin yana gabansa a kan tire. Labarin doki mai falmaran ya kai har unguwar Tsinga, saboda haka gefen titi ya cika da mahauta da masu tsire da matan kartiye.

Nata'ala ya ɓalla aninai, ya ja majayi zuwa ramin ƙarshe. Baffa Njidda, wanda ya zo duba mikin, ya matso ya yi magana a hankali.

"Doki yana kumbura ciki in ana ɗaure shi. Ja shi taku ashirin, in ya saki numfashi ka sake tsukewa."

"In sake? A gaban mutanen nan, yau?"

Ya taka turmi ya hau, sanye da babbar riga mai aska takwas.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa taku hamsin na farko sun yi kwarjini. Mutane sun ɗaga kai, ko da yake ciko ne ya ɗaga shi ba doki ba. Mahauta sun jinjina masa da wuƙaƙe. A kan tabarmi, teloli wajen goma suka fara duban juna suna cewa a gaskiya sarauta tana son mai siffa. Malam Rashidu ya sunkuyar da kai yana duban silifansa.

A taku na hamsin da ɗaya, inda gangara ta fara tsanani, dokin ya saki numfashi.

Falmaran ta yi sako-sako, sirdin ya zamo gaba da tafin hannu guda. Bakin aljihun baya ya buɗe, ƙyallaye suka fara zuba ɗaya bayan ɗaya a kan jar laka. Nata'ala bai waiwaya ba, yana ta ɗaga wa jama'a hannu. Da farko ƙanana ne suka fito. Sannan wani yanki na atamfa, shuɗi mai zanen tsuntsaye, ya warware a ƙasa, tsawonsa ya fi yadi.

Kaltuma mai ƙosai ta sunkuya ta ɗaga shi. Ta ce, "Jama'a, wannan ai atamfata ce ta bikin ƙanwata. Ya rantse mini ko abin ɗaure kai bai rage ba."

Wata ta ce, "Ga leshina." Wata ta ce, "Ga shaddar maigidanmu, da ya ce ta shige a wanki." Kafin a kai taku ɗari, mata fiye da ashirin ne ke biye da dokin, kowace tana tsinta tana kiran ranar da ta kai ɗinki.

Ciko yana raguwa, sirdi yana nutsewa yana zamowa. Ya bar baya ya hau kafaɗa. Nata'ala ya saki linzami ya kama geza. Wata tasi da ta maƙale a bayan matan ta danna oda, dokin ya ƙara sauri. Majayin ya yage daga ramin ƙarshe ya bi sauran biyar ɗin kamar an farke kalmasa. Nauyi duka ya koma kan aninai, suka shiga tsalle ɗaya-ɗaya, na tara ya bugi hular Alhaji Babba. Sirdin ya hau wuya. Nata'ala ya saki geza ya kama kunnuwa.

A bakin tabarma ta farko akwai ɓawon ɗanyar masara da mai gasawa ta zubar. Dokin ya tsaya cak ya sunkuyar da kai. Sirdi da falmaran da mahayi suka sulluɓo ta kan kunnuwansa, suka sauka a kan tabarma, daidai gaban tiren almakashi. Nata'ala yana zaune daram a kan sirdin, ƙafafunsa duka biyu a likkafa, hularsa ba ta ko karkace ba.

Alhaji Babba ya dube shi na ɗan lokaci. "Malam Nata'ala, ka iso?"

"Na iso, Alhaji. Haka mahayan Borno suke sauka."

"Madalla. Waɗannan bayin Allah da ke bayanka fa, rakiya suka yi maka?"

Kaltuma ta shimfiɗa atamfar a gabansa. "Malam, wannan fa?"

"Ajiya na yi miki, Hajiya. A kiriz ɗin nan, da na ba ki da tuni kin ɓarnatar."

"Shekara biyu kana ajiye mini, sai ka ga dama ka yi wa doki matashi da ita?"

"Ai ga shi ta dawo hannunki. Wane tela ne a layin nan ya taɓa mayar da saura?"

Wannan tambaya ba ta yi wa kowa daɗi a kan tabarmi ba. Alhaji Babba ya yi gyaran murya ya ce a tashi a yi zaɓe, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so. Masu ƙuri'a talatin da tara ne, ban da 'yan takara. Talatin da takwas suka jeru bayan Rashidu. Na talatin da tara dariya ta kwantar da shi a bayan rumfa, aka rubuta bai halarta ba. Bayan Nata'ala ba kowa, sai dokin, wanda ya gama da ɓawon masara ya zo ya kama gefen babbar rigar yana taunawa.

"A ƙirga shi," in ji Nata'ala. "Ga shi a layi."

Alhaji Babba ya tambayi taro ko dokin yana da keken ɗinki. Aka tabbatar ba shi da shi. Aka soke ƙuri'ar.

Malam Rashidu ya karɓi almakashi da ƙarfe biyar saura minti goma. Hukuncinsa na farko shi ne kowace mace ta tafi da abin da ta tsinta. Na biyu, tunda mikin ya sake buɗewa, Baffa Njidda ya tafi da dokin Etoudi har sai ya warke. Tsohon ya kama shi ya ja, ba sirdi ba falmaran, dokin yana tafe yana kaɗa wutsiya.

Saura sirdi a tsakiyar tabarma, masu tabarma kuma suna son naɗewa. Maliki ya ce shaidunsa uku suna nan a raye. Direban tasi ya leƙo ya duba, ya ce ko a bayan mota ba zai shiga ba, ya ja abarsa. Nata'ala ya duba hagu ya duba dama, bai ga mai taimako ba. Ya tattare babbar rigarsa, ya duƙa, ya jawo sirdin ya ɗora a gadon bayansa, ya riƙo igiyoyin likkafa ta kan kafaɗunsa, ya fuskanci hawa.

Maliki ya bi shi taku kaɗan, ya zagaya ta hagu, ya zagaya ta dama, yana dubawa da idon sana'a.

"Malam Nata'ala, na janye maganata," in ji shi. "Ashe ka iya zaɓe. Bai danne ƙashin baya ba, kuma ba ya lilo."

Jama'a suka dare suka ba shi hanya. Tun daga ƙasan gangara har ƙofar shagonsa, sirdin bai zame ko sau ɗaya ba.